Ina waje ina ɗaukar rufin gida, uban amarya na ciki yana jawabi

Ranar da na gaya wa mahaifiyata a waya cewa na samu aiki a "shato", sai ta yi hamdala ta ce: "To madalla, ashe aikin famfo ka samu." Ba laifinta ba ne. A Damagaram ko a Yamai, idan ka ce shato, tankin ruwan nan mai dogon wuya kowa zai ɗaga kai ya duba. A nan Faransa kuwa, kalmar tana nufin manyan gidajen da sarakuna da attajiran da suka gina a karkara, tsakiyar gonaki da dazuzzuka. Da yawa daga cikinsu yanzu haya ake bayarwa don bikin aure. Ni kuma sana'ata ita ce in tsaya da kyamara tun safe har bayan tsakar dare, in ɗauki abin da ya gudana.

Karatu ne ya kawo ni birnin Tours a 2016. Kuɗin ɗaki da na abinci suka fi ƙarfina, na shiga neman aikin ƙarshen mako, har Allah ya haɗa ni da wani Bafaranshe mai ɗaukar bidiyon biki da ke neman wanda zai riƙe masa kyamara ta biyu. Shekara huɗu ina bin sa. Yau ina cin gashin kaina, kuma mafi yawan aikina a gida guda ne, tafiyar minti 40 da mota daga Tours. Ba zan faɗi sunan gidan ba, saboda labarin da zan bayar akwai kuskure a cikinsa, kuskuren kuma nawa ne ni kaɗai.

Gidan da biki ke ciyarwa

Yankinmu na bakin kogin Loire ne, wanda hukumar UNESCO ta sa kilomita 280 na kwarinsa cikin wuraren tarihi na duniya a shekarar 2000. Manyan gidajen da suka yi suna, irin su Chambord da Chenonceau, masu yawon buɗe ido ne ke cika su. Bayan waɗannan akwai ƙanana barkatai da ba wanda zai yanki tikiti don ya gan su, suna hannun iyalan da suka gaje su, ko waɗanda suka saya suka zo suna cizon yatsa.

Wanda nake aiki a cikinsa irin waɗannan ne. Za ka bar titi ka kama wata doguwar hanya mai tsakuwa, itatuwa sun yi mata sahu hagu da dama. A ƙarshenta babban gida na farin dutse, rufinsa na baƙin dutse falle-falle, da ƴar hasumiya a gefe guda. Baya akwai tafki, da tsohon sito da aka gyara ya zama zauren cin abinci mai ɗaukar mutum 150. Dattijuwar da ta gaji gidan, wadda kowa ke kira Madam, ɗaki uku kawai take zama a ciki, don ba ta da kuɗin ɗumama sauran lokacin sanyi. Wata rana ta tarar da ni ina yaba kyan wurin, ta ce: "Kai gida kake gani, ni rufi nake gani."

Gaskiyarta. Gidan yana cikin waɗanda dokar kare gine-ginen tarihi ta 1913 ta shafa, wato ko taga ba za ta canza ba sai da izinin hukuma, kuma sai da irin kayan da aka yi na farko. Masu iya wannan aikin ba su da yawa, kuɗinsu kuma ba na wasa ba ne. Matsalar ta daɗe: tun 1924 Joachim Carvallo, mai gidan Villandry da ke nan kusa da mu, ya kafa ƙungiyar La Demeure Historique don masu irin waɗannan gidaje su haɗa kai su riƙe abinsu. Wasu sun mai da nasu masauki, wasu suna sayar da giyar inabi. Madam biki ta zaɓa.

Lokacin biki a nan daga Mayu ne zuwa Satumba, kuma kusan kowa Asabar yake so. In ka ƙirga, Asabar 21 ko 22 ke nan a shekara. Daga cikinsu za a fitar da kuɗin rufi, da na mai yankan ciyawa, da haraji, da inshora. Masu aure kuwa tun shekara guda ko fiye suke kama rana, kuma mafi yawansu a waya suke fara ganin gidan. Ke nan gidan yana bukatar hoto kamar yadda nake bukatar gidan. Madam tana da wata takarda da take miƙa wa duk wanda ya kama rana: sunayen masu abinci, masu furanni, masu kiɗa da masu hoto da ta yarda da su. Shiga wannan takardar shi ne abincina. In aka cire ni, sai dai in koma talla a intanet tare da sauran jama'a.

Yadda yinin yake tafiya

Abu na farko da ke ba baƙo mamaki shi ne, ba a gidan ake ɗaura auren ba. Tun 1792 doka ta mai da ɗaurin aure aikin hukuma, kuma har gobe a ma'aikatar magajin gari ake yin sa, a garin da ango ko amarya ko ɗaya daga cikin iyayensu ke zaune. Ana liƙa sanarwa kwana goma kafin ranar. Magajin gari ya rataya ɗamararsa mai launi uku, ƙofa a buɗe, shaidu biyu zuwa huɗu, ya karanta musu wasu ayoyin doka kan haƙƙin juna da tarbiyyar ƴaƴa, su amsa, su sa hannu. Sau da yawa abin ba ya kai rabin awa. Mai son coci ko masallaci sai bayan wannan.

To daga nan ake ɗunguma zuwa shato. A ƙarƙashin wata babbar itaciya ake jera fararen kujeru, wani aboki ko ɗan'uwa ya jagoranci wani zama na biyu, ango da amarya su karanta wa juna alkawuran da suka rubuta. Wannan zaman ba shi da matsayi a doka, amma nan ake kuka, nan kuma ake so kyamara ta fi aiki. Sai a shiga shaye-shaye da ciye-ciye a tsaye, awa biyu ko fiye. Wajen takwas da rabi a zauna cin abinci, wanda kan ɗauki awa uku, ana yi ana tsayawa don jawabai. Kusan tsakar dare a shigo da kek, ango da amarya su buɗe rawa, a kwana ana cashewa. Ni ina tattara kayana wajen ƙarfe ɗaya, na yi awa 15 ko 16 a tsaye.

Daga wannan dogon yinin, abin da masu biki suka fi ɗokin gani shi ne ɗan gajeren fim na minti huɗu ko biyar, mai kiɗa, wanda za su tura wa abokai. Kiɗan ma ba kowanne ba. In ka ɗora waƙar da ake yayi ba tare da lasisi ba, YouTube ko Instagram na iya toshe sautin, don haka muna biyan kuɗin waƙoƙin da aka tanada don irin wannan aiki. Kuma kusan kowane irin wannan fim da abu guda yake buɗewa: gidan daga sama, rana na faɗuwa a bayansa.

Farin dutse, iska da tsakuwa

Wurin da ya yi wa ido kyau ba lalle ya yi wa kyamara sauƙi ba. Dutsen da aka gina gidajen Loire da shi fari ne tas, mai laushi, kuma da rana tsaka yana mai da haske kamar madubi. Ka haɗa shi da farar rigar amarya, in ka bar kyamara ta auna hasken da kanta, sai ta rage shi, fuskoki su dushe. In akwai baƙar fata a cikin hoton, abin ya fi muni: sai ka ga riga da haƙora kawai. Wannan ban koye shi a Faransa ba. Duk wanda ya taɓa ɗaukar dattawa cikin farar shadda a ƙofar gida ƙarfe goma sha ɗaya na rana a Damagaram ya san fuska ake auna wa haske, a bar bango ya ƙone in zai ƙone. Shi ya sa auren da ya haɗa Bature da ɗan Afirka yake yawan zuwa hannuna.

Sai lokacin faɗuwar rana. A gida, wajen ƙarfe bakwai an yi magariba, duhu kuma ba ya jira. A Tours, ƙarshen Yuni rana ba ta faɗuwa sai kusan ƙarfe goma na dare. Hasken nan mai laushi da kowane mai hoto ke farauta yana zuwa ne daidai lokacin da mutane ke tsakiyar cin abinci. Dole ka saci ango da amarya daga tebur na ƴan mintoci, ka mai da su kafin nama ya huce.

Amma babban abokin gaba sauti ne. Tsakuwa tana ƙara a ƙarƙashin kowane takalmi. Iska tana kaɗa makirufo a gindin itaciya. Cikin sito kuwa, bangon dutse da dogon rufi suna mai da kowace magana sau biyu, ga ƙarar cokula. Don haka nakan maƙala ƙaramin makirufo a cikin kwat ɗin ango tun safe, in jona wata na'urar naɗar sauti a teburin mai kiɗa, ta riƙa kama duk abin da aka faɗa a makirufon zaure. Ku riƙe wannan, zai dawo.

Gidan ma yana da nasa dokoki. Ba a liƙa komai a bango, ba a kunna kyandir kusa da katako, ba a jona manyan fitilu a tsohuwar wayar lantarki. Ɗan jirgin nan maras matuƙi da muke kira dron shi ma da sharuɗɗansa: ba ya wuce mita 120, ba ya bi ta kan taron jama'a, kuma kafin ka tashe shi sai ka duba taswirar hukuma, don akwai wuraren da aka haramta gaba ɗaya, kamar kewayen tashar nukiliya ta Chinon da ke bakin kogin. Wato in za ka tashi dron, sai ka fita ka yi nesa da mutane, idonka kuma na sama.

Makarantar Kawu

Kafin duk wannan, ina ɗan shekara 14 nake riƙe wa ƙanin mahaifiyata fitila da waya. Kawu na cikin masu ɗaukar biki a unguwarmu tun zamanin kaset. Dokarsa guda ce: kowa ya ga kansa. Za mu bi sahun tabarmi mutum bayan mutum, daga liman zuwa mai rabon goro, kyamara ta tsaya a fuskar kowa har sai ya ji kunya ya yi murmushi. Mu shiga cikin gida wurin mata, a ɗauki kowace tukunya, kowace mai anko, kowane liƙi, da maroƙi yana zuba kirari. Fim ɗin ya kai awa uku, babu abin da aka yanke. In aka kalla wata gwaggo ba ta ga kanta ba, to Kawu ya shiga uku.

Abin da ya fi nanata mini shi ne tsofaffi. Da mun dawo gida tambayarsa ta farko ita ce: "Ka haska tsofaffi?" Yakan ce amarya za ta sake yin hoto sau dubu, amma kakarta wa ya sani.

Da na zo nan na nuna wa maigidana irin aikinmu, dariya ya yi, ba ta mugunta ba. Ya ce wannan ai rajista ce, ba fim ba. Ya koya mini yankewa, da zaɓen daƙiƙa uku masu kyau daga cikin minti goma, da yadda ake sa gida ya yi kamar mafarki. Na koya, na kuma ji daɗin koyon. A hankali na fara jin kunyar salon Kawu. Abu ɗaya dai ya ƙi barina: in na ga dattawa zaune, hannuna da kansa yake kafa kyamara ya bar ta tana tafiya.

Minti goma sha biyu

Wata Asabar ce a watan Yunin 2022, shekarar farko da na fara karɓar aiki ni kaɗai. Baƙi 130. Amarya ma'aikaciyar jinya ce, mahaifinta bakaniken tarakta ne da ya yi ritaya, mutum mai manyan hannuwa da ƙarancin magana. Tun zamanmu na shiri ta gaya mini: "Babana ba zai yi jawabi ba, ba ya son taro." Na rubuta masu jawabi uku a takardata: aminin ango, uwar ango, da wan amarya. A zaman nan ne kuma na ba su shawarar su roƙi baƙi kowa ya ajiye wayarsa a aljihu, don kada hannuwa su cika mini hoto. Suka yarda, har da ɗan allo a bakin ƙofa.

A makon ne aka gama gyaran rufin hasumiya, aikin da Madam ta yi shekaru tana tara wa kuɗi. Da safe ta tare ni a tsakar gida ta ce in da hali tana son hoton gidan daga sama da faɗuwar rana, don shafinta na intanet. Ba ta matsa mini ba. Amma kun san yadda roƙon mai gida yake a kunnen ɗan haya.

Jawabai uku duk an yi su, na ɗauka. Na fita da ango da amarya bakin tafki, na mai da su. Ƙarfe tara da rabi ta wuce kaɗan na leƙa ta ƙofar sito, na ga rufin nan ya yi ja kamar garwashi. Na tambayi mai kiɗa ko akwai wani abu nan da kwata. Ya duba takardarsa ya ce: "Babu, cuku za a kawo." Na kashe kyamarar da ke kan ƙafa don in tanadi batir saboda rawa, na ɗauki dron, na bi ta bayan gida zuwa filin da babu kowa.

Wallahi hoton ya yi kyau. Jirgin ya taso daga kan tafki, ya bi sahun itatuwa, gidan ya fito da rufinsa yana ƙyalli, tagogin sito suna haske kamar fitilun azumi. Na maimaita sau uku. Minti goma sha biyu na yi a waje.

Da na dawo, tun daga ƙofa na san an yi wani abu. Babu kiɗa. Mata suna share ido da tsumman tebur, wani ƙato yana fyace hanci. Amarya ta rungume wuyan mahaifinta, shi kuma yana tsaye da wata ƴar takarda a dunƙule a hannunsa. Mai kiɗa ya dube ni ya buɗe hannuwa. Ashe ina fita, tsohon ya buga wuƙa a jikin kofi, ya miƙe. An miƙa masa makirufo ya ture, ya ce muryarsa ta isa. Ya yi magana kusan minti huɗu.

Na ruga wurin na'urar da na jona a teburin kiɗa. Tana tafiya, ba ta tsaya ba. Amma abin da ya bi ta makirufo kawai take ji. A cikin fayil ɗin akwai kiɗa, sai mai kiɗa ya rage shi, sai shiru na minti huɗu, sai kiɗa ya dawo. Na bi tebur tebur ina tambaya ko wani ya ɗauka da waya. Mutane masu biyayya: kowa ya bi abin da allon ya ce. Wata yarinya ce kaɗai ta ɗauki daƙiƙa 20 na ƙarshe, tafi ne kawai a ciki.

Ran Litinin na kira amarya na gaya mata gaskiya, har da inda nake lokacin. Na ce zan mai da kashi ɗaya cikin uku na kuɗin. Ta yi shiru, can ta ce: "Ba komai." Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Hoton rufin kuwa, Madam ta ɗora shi a saman shafinta. Har yau yana nan. Ta mai da sunana na farko a takardarta, kuma masu aure da dama sun gaya mini shi suka gani suka kira ni. Kuɗin hayar ɗakina na shekarar da ta biyo daga minti goma sha biyun nan ya fito.

Saƙon watan Fabrairu

Wata takwas bayan haka, a Fabrairun 2023, saƙo ya shigo daga amaryar. Mahaifinta ya samu shanyewar ɓarin jiki. Ya rayu, yana gane mutane, yana fahimtar abin da ake faɗa, amma kalmomi sun daina fita. Ta ce sun bincika wayoyinsu duka, sun tarar hotunansa da yawa, muryarsa kuwa kusan babu, don mutum ne da ba ya barin saƙon murya. Tambayarta ita ce: cikin abin da ban sa a fim ba, ko akwai inda ya yi magana, ko da kalma ɗaya ce?

Ba na goge ɗanyen aiki. Ina ajiye shi a faifai biyu, wannan ma tarbiyyar Kawu ce, shi da ke da kwali cike da kaset ƙarƙashin gado. Na bikinsu awa 11 ne in aka haɗa hoto da sauti. Dare uku na yi da abin saurare a kunne, ina bi daƙiƙa bayan daƙiƙa.

Na same shi a wuri uku. Na farko a matakalar ma'aikatar magajin gari, yana riƙe da hannunta yana cewa ta yi a hankali, dutsen na da santsi. Na biyu a tsakar gidan shato da yamma, inda na kafa kyamara na nufi wani benci da dattawa ke zaune, na tafi wani aikin na manta da ita minti 25. A ciki yana yi wa wani jikansa bayanin yadda ake gane ciwon inji daga ƙararsa, har yana kwaikwayon ƙarar da baki. Na ukun babu hoto, sauti ne kawai, daga makirufon da ke cikin kwat ɗin ango. Tsohon ya zo yana gyara masa abin wuya, ya rage murya ya ce: "In ta tashi da safe kada ka yi mata surutu. Ka ba ta kofi tukuna. Uwarta ma haka take."

Duka duka minti uku da daƙiƙa goma. Na jera su yadda suke, ban sa kiɗa ba, ban gyara launi ba, na tura mata. Bayan kwana biyu ta amsa. Ta ce sun kunna masa a asibiti, da aka zo wurin kofi ya yi dariya har da hawaye, ya nuna a sake.

Jawabin dai ya tafi. Na taɓa tambayarta abin da ya faɗa. Ta ce rabi take tunawa, kuma abin da take tunawa ya sha bamban da na wanta. Takardar da ya dunƙule, kalmomi biyar ne a jiki.

Abin da na canza

Tun daga nan, kyamara ɗaya tana kafe a kusurwar zaure daga shigar mutane har tashinsu, a jone da wuta, da makirufonta na kanta, ba na kashe ta ko cuku ake ci. Na sayi ƙananan na'urorin sauti biyu, ɗaya tana ɓoye cikin furannin teburin iyaye, da saninsu. Hoton gida daga sama ran Juma'a nake zuwa in ɗauka, lokacin da ake jera kujeru. Rufin bai san bambancin Juma'a da Asabar ba. Na daina ba da shawarar a hana baƙi waya lokacin cin abinci.

A zaman shiri kuma na ƙara tambayoyin da da farko suke ba mutane mamaki: wa ya fi kowa tsufa a cikin baƙinku? Wa ba shi da lafiya? Wa ya zo daga nesa da ba lalle ya sake zuwa ba? Sai in nemi waɗannan da rana, in zaunar da su a inuwa, in ce su ba ni labarin amarya tana ƙarama. Ba ya shiga gajeren fim, don ba shi da ƙyalli. Yana shiga dogon, wanda yanzu nake bai wa kowa ko bai nema ba: awa biyu ko uku, tebur bayan tebur, fuska bayan fuska. Wasu abokan sana'a suna ce mini ɓata lokaci ne, ba mai kallo. Wataƙila a shekarar farko haka ne.

Ina ganin bidiyon bukukuwan gida da ƙannena ke turo mini a WhatsApp. Aikin ya ci gaba ƙwarai: dron yana shawagi kan lambu a bayan gari, amarya tana juyi a hankali, launi kamar na fim ɗin Indiya, duka cikin minti ɗaya. Ina jinjina wa samarin da ke yi, wasunsu sun fi ni hannu. Roƙona gare su kawai, bayan an gama wannan, wani ya ɗauki kyamara ya shiga ɗakin da tsofaffin mata ke zaune, ya bar ta tana tafiya. Masu biki kuma, in za ku yi ciniki, ku tambayi mai hoto ko zai ba ku ɗanyen aikin, ku ajiye shi wuri biyu.

Kawu ya daɗe da barin sana'ar, waya ta kashe masa kasuwa, idonsa ma ya yi rauni. Kwalin kaset ɗinsa na nan, kuma har yanzu akan samu wanda zai yi sallama ya ce ko akwai na bikin wance, shekara kaza, don mahaifiyarsa na ciki. Duk Lahadi nake kiransa in na farka, ƙafafuna na ciwo. Na ba shi labarin uban amaryar nan tun lokacin, bai ce mini komai a kai ba. Amma har makon jiya, bayan gaisuwa, tambayarsa ba ta canza ba.

"Ɗana, jiya an yi aiki?"

"An yi, Kawu."

"Ka haska tsofaffi?"

"Na haska su, Kawu. Har da wata mai shekara 94."

"To madalla. Ta yi magana?"